Lemun Tsami a Kan Lamba

Nima, Accra
3 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga Yayata Fulera,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Mu nan lafiya lau, sai matata Abiba da ke fama da ciwon baya, 'yarki Zenabu kuma ta fara haƙora, ta hana gida sakat. Tsohuwa Lariba ta ɗakin ƙofa ta ce in tambaye ki ko kina tuna ɗanɗanon wake da shinkafar Nima, ko tuwon Kano ya wanke miki baki.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Na samu jirgi.

Kin san Kadiri, abokina na Maamobi da ke aikin jirgin ruwa a Tema. Mai yi musu burodi ya tsufa ya ajiye aiki, Kadiri ya kai sunana. Ba irin jiragen da ke zuwa Ingila su juyo ba ne. Wannan duniya zai zagaya. Kadiri ya zo gidan burodi ya ɗauki curin ƙullu ya ɗora yatsa ya ce nan ne Tema, ya ja yatsan ta ƙarshen Afirka, ta Indiya, ta Jafan, ya tsallaka wani teku da ya ce ba a ganin ƙasa sai an gaji da kallon ruwa, ya ɓullo ta Amurka, sai ga yatsan ya dawo inda ya tashi. Shekara guda da 'yan watanni. Ke kin san tun ina yaro ba ni da wata magana sai ta jirgi, har kika riƙa dukana a kan gudu zuwa bakin teku. To ga shi Allah ya kawo.

Ashe ba a zagaya duniya da jikin da aka saba yawo da shi a Nima. Sun ɗauki hoton ƙirjina, sun leƙa idona da kunnena, sun karɓi fitsari da abin da ya fi fitsari nauyi, wai mai taɓa abincin mutane dole a san cikinsa. Sun cire min turmin haƙorin nan da ke damuna, don a tsakiyar teku babu mai cirewa sai makaniki da filaya. An yi min allurar shawara da ta kwalara da wata ta zazzaɓin hanji wadda ta kwantar da ni kamar an yi min dukan ɓarawo. Kowace suna buga hatimi a wani kati ruwan ɗorawa.

Saura guda, lambar agana. Nas ɗin asibitin tashar jirgi, Sista Lamisi, 'yar arewa ce mai faɗa. Ta juya damtsena hagu da dama ta ce, "Kai, ina tabo naka? Babba kamar kai ba a yi maka lamba?" Na ce ina tuna an jera mu muna yara an tsaga mana, amma tabo dai babu. Da aka dawo yi a shekarun baya kuwa ina barci, mai burodi da rana yake kwana. Ta ce tunda babu tabo, sai ta tsaga, in dawo bayan mako ta ga ta tashi ta yi ƙurji, sannan ta buga hatimi. Babu hatimin nan, likitan kamfani ba zai bar ni in taka jirgi ba. Za a yi a farkon Maris, jirgi ya tashi a ƙarshensa.

Abin da ke damuna, Kadiri ya ce hannu yana kumbura kamar taɓarya, ga shi a makon ne babban kuku zai gwada ni da kwaɓin burodi. Ke kika raine ni, ke kika san maganin komai. Me zan yi kada hannun ya kumbura? Ki ba Garuba direban goro amsa, zai juyo kafin wata ya ƙare.

Ƙaninki,
Seidu


Fagge, Kano
17 ga Fabrairu, 1974

Zuwa ga autan Mma, Seidu,

Bayan gaisuwa da addu'a. Mun wuni lafiya, Alhaji yana gaishe ka. A shafa min kan Zenabu, a ce wa Abiba ta dinga gasa bayan da ruwan zafi. Ka ce wa Tsohuwa Lariba bakina bai wanku ba, Kanawa ne dai ba su san yajin shito ba, Allah ya shirye su.

Na karanta takardarka sau biyu, na ajiye, na sake ɗauka. Wato kai da ko motar trotro ka shiga zuwa Alajo sai ka dawo kana riƙe da ciki, kai ne za ka hau ruwa shekara guda. To, Allah ya sa alheri. Mai ɗa namiji ba ya cewa kada a yi tafiya.

Ga saƙo wurin Garuba. Akwai citta da kanumfari, ka dinga taunawa in ruwa ya fara juya maka ciki. Akwai man kaɗanya saboda sanyin ƙasashen can, kada ƙafarka ta tsage. Akwai filasko, ka sha kafin tafiya ka wanke ciki, amma ba ranar da za ka shiga mota ba, kada ka kunyata mu. Yaji da daddawa na ƙulle su daban, don na san abincin Turawa ba ya riƙe mutum. Rubutun da ke cikin kwalba malamin Alhaji ne ya yi, ka sha, ka shafe fuska da sauran.

Maganar lamba kuwa ba abin tada hankali ba ce. Ka tafi da lemun tsami a aljihu, yankakke. Da ka fito daga wurinsu, kafin jinin ya bushe, ka matse a kan tsagar ka murza da kyau har sai ka ji zafi. Da ka isa gida Abiba ta sake murza maka, safe da yamma. Hannu ba zai kumbura ba, zazzaɓi ba zai kama ka ba, za ka kwaɓa burodinka lafiya. Kada ka gaya wa nas ɗin. Mutanen asibiti ba sa son jin maganin gida, sai ta yi ta maka faɗa a banza.

Ka rubuto min yadda aka yi.

Yayarka,
Fulera


Nima, Accra
12 ga Maris, 1974

Yaya Fulera,

Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Abiba ta riga ta sace rabin daddawar, ta ce wanda zai ci abincin jirgi ba shi da hakki a kanta.

Maganinki ya yi aiki. An tsaga, na fito bayan asibiti na murza lemun tsami har hawaye suka zo min, Abiba ta ci gaba a gida. Ko kaɗan hannun bai tashi ba. Na je gwaji da ƙarfina, na yi wa babban kuku burodi iri uku, ya gutsura ya tauna ya gyaɗa kai. Kadiri ya ce mutumin nan bai taɓa gyaɗa wa kowa kai ba. An ba ni farar riga da hula, Zenabu ta gan ni ciki ta fashe da kuka.

Sai dai wata 'yar matsala. Na koma wurin Sista Lamisi, ta duba ta ce lambar ba ta kama ba, wurin ya warke sumul kamar ba a taɓa ba. Ta ce yakan faru, wataƙila ruwan maganin ne ya kwana. Ta sake tsagawa a ɗaya hannun. Na sake yin yadda kika ce, don gobe akwai lodin buhunan fulawa kuma ina bukatar hannuna.

Lokaci ya fara matsewa, Yaya. In wannan ta kama, komai ya daidaita. Ki sa ni a addu'a, addu'arki ba ta faɗuwa ƙasa.

Seidu


Nima, Accra
2 ga Afrilu, 1974

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Mu jiki lafiya. Garuba ya zo hannu sake, ya ce ba ki ba shi komai ba, na ce wataƙila hidima ce ta yi miki yawa.

Jirgi ya tafi ba ni.

Ta biyun ma ba ta kama ba. Sista Lamisi ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallo, ga fatar wurin ta yi fari ta ɗan saɓule. Ta ce, "Faɗi gaskiya, mi ka sa ga hannu nan?" Na ce lemun tsami ne kawai, don kumburi. Yaya, sai da mutanen da ke layi suka leƙo. Ta ce, "Lemu ya kashe magani! Kumburi nan da kana gudu, shi ne aiki. Wa ya koya maka wanga?" Ban faɗi sunanki ba. Na ce a unguwa na ji.

Ta tsaga ta uku, ta zaunar da ni a benci har wurin ya bushe, ta liƙa auduga. Ta bi ni har wurin likitan kamfani ta roƙe shi, ya ce shi ba ya buga hatimi a kan abin da bai gani ba, kuma tashoshin da za a tsaya ba za su bar jirgi ya shiga da mutum marar lamba ba. Sun ɗauki wani Bafante daga Takoradi. Na mayar da riga da hula.

Na je Tema ranar tashi. Ban san abin da ya kai ni ba. Na tsaya a bayan waya ina kallo har ya fita bakin tasha, Kadiri yana ɗaga min hannu. Washegari lambar ta fara tashi. Yanzu haka hannun ya kumbura suntum, ƙurji ya yi ruwa, ina ta rawar sanyi. Sista ta buga hatimi mai kyau, katina ya cika, babu abin da ya rage sai jirgi.

Na rubuto ne don kada ki ji a bakin wani ki ɗora wa kanki laifi. Ke alheri kika nufa, ba ki san lemun yana kashe maganin ba, ni ma ban sani ba. Abiba tana ta kuka wai hannunta ne ya murza. Na ce mata ƙaddara ce ta riga fata. Ki kwantar da hankalinki.

Seidu


Nima, Accra
9 ga Afrilu, 1974

Fulera,

Ban tambayi lafiyarki ba, don yau ba ni da bakin tambaya.

Jiya ina zaune a tsakar gida da hannu a rataye, Tsohuwa Lariba tana tsince wake, ta tambaye ni yadda aka yi. Na ba ta labari, har na ce kin ba ni shawara bisa rashin sani. Sai ta ajiye faranti ta yi ta dariya har tana tari. Ta ce, "Fulera ne bai sani ba? Shekara da masu lamba suka zo Nima, wa ya bi gida gida da kwarya cike da lemu? Shi ne ya koya ma mu duka. Ya ce in ka murza da wuri, magani ya mutu, yaro ba ya ciwo. Kai ma bayan ɗaki nan ya ja ka ya murza maka, kana ihu. Don haka ne ba ka da tabo."

Tana faɗa na tuna. Na tuna bayan ɗakin, na tuna zafin.

Wato kin sani. Kin san ba kumburi kaɗai lemun ke hanawa ba. Na rubuta miki da hannuna cewa sai ta tashi za a buga hatimi, kuma babu hatimi babu jirgi. Kika karanta sau biyu, in ji ki, sannan kika zauna kika ƙulle min citta da man kaɗanya da rubutun malam, kika sa wuƙar a tsakiyarsu. Har da cewa kada in gaya wa nas. Na rubuto cewa ta farko ba ta kama ba, lokacin da kalma ɗaya daga gare ki za ta cece ni, kika yi shiru kika sallami Garuba hannu sake.

Da maƙiyi ne ya yi min, da na ce duniya ce. Da ma kin fito kin ce kada in tafi, da mun yi faɗa irin na 'yan uwa, ko in ji ko in ƙi. Amma kin yi min dariya, kin yi min addu'a, kin sa na kashe abina da hannuna, kin sa matata ta taya ni. Ni kuma ina can gaban Sista ina ɓoye sunanki, ina nan ina rubuto miki ki kwantar da hankali. Wannan takardar ta makon jiya ita ta fi ƙona min rai.

Ban taɓa shan magani ina tambayar mene ne ba in daga hannunki ya fito. Ki gaya min dalili. Kada ki ce ba ki sani ba.

Seidu


Fagge, Kano
28 ga Afrilu, 1974

Seidu,

Muna lafiya. Ina fata hannun ya saɓe. Kada ka ɓantare ɓawon, ka bar shi ya faɗi da kansa.

Ba zan ce ban sani ba. Na sani, kuma da za a mayar da ni watan Fabrairu, lemun zan sake rubuta maka.

Kai ba ka san Baba ba, labarinsa kawai ka sani. Ni na raka shi bakin ruwa, kana goye a bayana. Lokacin babu tashar Tema, kwalekwale ke kai mutane inda jirgi ya tsaya. Shi ma likita ya duba shi, shi ma an ce lafiyarsa ƙalau, shi ma ya ce zuwa zai yi ya dawo kafin azumi. Mma ta yi ta ajiye masa tuwo har tuwon ya zama abin dariya a gida. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ya gan shi. Ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba har ta mutu. Ni na wanke ta, ni na ɗauke ka.

Sannan aka zo aka ce baƙi irin su Alhaji su bar ƙasa, aka loda mu a mota ni da Alhaji kamar buhunan goro, na bar gidan da aka haife ni. A nan Fagge har yau Bagwanja suke ce min, wato nan ma baƙuwa ce ni. Abu guda ke sa in yi barci: na san inda kake. In na rufe ido ina ganin layin, ina ganin kwata, ina ganin hayaƙin gidan burodi, na san ƙanena yana ciki. Sai ka rubuto wai za ka bi yatsan Kadiri a kan ƙullu.

Ka ce da na fito na hana ka. Yaushe ka taɓa hanuwa a kan jirgi? Na doke ka kana yaro, ka koma. Da na ce kada ka je, da ka yi min dariya ka ce tsoron mata ne.

Ka yi fushi, hakkinka ne. Fushin mai rai da ke Nima ya fi min gaisuwar wanda ruwa ya ci. Ka dubi Zenabu ka gaya min wa zai goya ta zuwa bakin ruwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni yayarka ce ko ka so ko ka ƙi. In zuciyarka ta sauka ka rubuto.

Fulera


Tema
20 ga Yuni, 1974

Yaya Fulera,

Ina lafiya. Abiba da Zenabu suna Kotobabi wurin iyayenta, suna lafiya.

Na karanta. Na ji tausayin yarinyar da ta tsaya a bakin ruwa da goyo, wallahi na ji. Amma ba ita ta rubuto min ba. Babbar mace ce ta rubuto, wadda ta san na amince da ita, ta auna ta ga ta nan ne za ta kama ni. Ba ki nemi gafara ba, ni ma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Na koma gidan burodi na kasa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "A'a, mai zagaya duniya, har ka dawo?" Kamfanin su Kadiri sun ce ba sa sake ɗaukar wanda ya ɓata musu shiri. To kati na hannuna, cike da hatimi, kuma a Tema ba a rasa jirgin da ke neman kuku ba ya tambayar komai. Na samu wani na Girkawa, tsoho, duk tsatsa. Ba shi da hanya tsayayya, inda kaya suka samu nan yake nufa. Na tambayi kyaftin yaushe za mu dawo Tema, ya ɗaga kafaɗa.

Abiba ta roƙe ni, ban ji ba. Na san ba daidai nake yi mata ba. Amma in na zauna a Nima yanzu, zaman da kika zaunar da ni ne, kuma kullum na ɗaga hannu zan ga tabon.

Gobe za mu tashi. Citta da man kaɗanya na bar wa Tsohuwa Lariba. Kada ki ba Garuba amsa.

Seidu


Kotobabi, Accra
6 ga Yuli, 1975

Zuwa ga Yaya Fulera,

Ni ce Abiba. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji. Zenabu tana lafiya, tana gudu ko'ina, ta iya cewa burodi. Ban iya rubutu sosai ba, ki yi haƙuri da hannuna.

Takardunki duka sun zo, Garuba yana kawowa. Ban buɗe ba, don ba sunana ke kai ba, sai wannan ta ƙarshe da kika sa sunana. Ban amsa da wuri ba saboda zuciyata ba ta yi sanyi ba. Yaya, da kin tambaye ni, ni ma ba na son tafiyar. Amma na yarda, don an gaya min watan da zai dawo. Kika sa na murza masa safe da yamma ina murna ina taimakon mijina. Har yau ba na iya yanka lemun tsami in sa a koko.

Jirgin su Kadiri ya dawo Tema makon jiya. Duka sun dawo, har Bafanten da ya karɓi aikin. Kadiri ya yi ƙiba. Ya zo gaishe mu, ya kawo wa Zenabu 'yar tsana daga Jafan, ya tambaye ni ina Seidu. Da ya ji sunan jirgin sai kawai ya ce zai tambaya a tasha.

Kati ɗaya Seidu ya aiko, tun kafin babbar salla. Akwai hoton gada a jiki, sunan garin da wani irin rubutu ne, har malamin makaranta ya kasa karantawa. Ya ce yana lafiya, a shafa kan Zenabu. Bai sa adireshi ba.

Kin ce in gaya miki inda za ki aika masa takarda. Yaya, ni ma ban san inda yake ba.

Abiba